Farantin windej da bututun gejin mai: wanne ya dace da injin tsohuwar motar da kake farfaɗowa?

Wanda ya kwance injin tsohuwar mota har ƙasa, ya wanke bulok, ya sa sabbin fistin da ringi, yakan zo ya tsaya cak kafin ya rufe kaskon mai. A sa farantin windej, ƙarfen da ke raba karanshaf da man kasko, ko a bar shi? In za a sa, na kamfani irin na da, ko na zamani mai raga? Ana cikin wannan sai maganar bututun geji ta taso, domin tsohon ya yi tsatsa, ko ya karye a bakin bulok wajen cirewa. Mutane da yawa sukan ɗauki waɗannan a matsayin sayayya biyu daban-daban. A ganina sayayya ɗaya ce. Tsinken geji sai ya ratsa ta gefen farantin kafin ya taɓa mai, shi kuma farantin zamansa ya dogara da zurfin kasko da nisan bugun karanshaf, wato nisan da fistin ke tafiya sama da ƙasa. Ka taɓa ɗaya, sai ka sake duba sauran.

Me farantin yake yi, me kuma ba ya yi

Karanshaf yana juyawa ne a saman man da ke kwance a kasko, tazarar ba ta da yawa. In inji ya kai juyi 6,000 a minti, sau 100 ke nan a daƙiƙa guda. Iskar da yake kaɗawa, da wadda fistin ke turowa ƙasa, tana ɗebo mai ta naɗe shi a jikin karanshaf, kamar ka kusantar da fanka saman ruwa. Ƙarfin inji ya ɗan ragu, mai ya ƙara zafi, ya kuma yi kumfa. Kumfar ita ce babbar matsala, domin famfo in ya zuƙi mai mai iska, abin da ke zuwa ga metal ɗin karanshaf, wato ƙarafan da yake juyawa a kansu, ba mai ba ne zalla. Farantin windej ƙarfe ne da ake shimfiɗawa tsakanin karanshaf da man kasko, ya raba su, ya kuma karɓi man da ke fantsama ya mayar da shi ƙasa.

Akwai abin da ake yawan ɗora masa wanda ba aikinsa ba ne. Idan fitilar mai tana ƙyaftawa a kwana ko wajen taka birki da ƙarfi, mai ne ya gudu gefe ya bar bakin bututun zuƙa, wanda famfo ke jan mai da shi, a sarari. Maganin wannan shinge ne a cikin kasko, wani mai 'yar ƙofa da ke buɗewa ta fuska ɗaya. Faranti yana ɗan taimakawa, amma wanda ya saye shi don wannan kaɗai ya yi kuskuren magani.

Ma'aunan zaɓi

Na farko, kuma shi ne mai yanke hukunci, juyi nawa injin zai riƙa yi a yawancin rayuwarsa. Motar yawon ƙarshen mako da ke zama tsakanin 2,000 da 3,000 daban take da wadda za a riƙa kai wa 6,000. Na biyu, asali: kana so motar ta koma yadda ta fito daga masana'anta, ko aiki kawai kake nema? Na uku, dacewa da karanshaf da kwanrod (sandar da ke haɗa fistin da karanshaf) da kasko da famfon mai. Sai ƙarko, da sauƙin ɗaurawa, da kuɗi, wanda a nan ba kuɗin farantin kaɗai ba ne, har da dogayen notuna da gaskit da aikin mai injin gyaran bulok. Na ƙarshe shi ne haɗari, wato in abin ya lalace, me zai tafi da shi.

A bar shi babu faranti

Wannan zaɓi ne na gaske, ba rowa ba ce. Yawancin injinan V8 na motocin iyali da na ɗaukar kaya a Amurka haka suka fito, suka kuma yi shekaru suna aiki. Babu kuɗi, babu abin da zai tsage, babu abin da zai tare tsinken geji. Ga injin da ba ya wuce 4,000, ban ga ribar da direba zai ji a ƙafarsa ba. In akwai kuɗin kashewa, kasko mai shinge mai kyau ya fi amfani.

Farantin kamfani

Masana'antun sun san inda ake buƙatarsa, shi ya sa suka sa shi a injinan da aka yi don juyi mai yawa: Chevrolet 302 na Camaro Z/28 daga 1967 zuwa 1969, da LT-1 na 1970, da Boss 302 na Ford a 1969 da 1970, da 340 na Chrysler da ya fito a 1968. Idan motarka tana cikin waɗannan, muhawara ta ƙare. Injin da faranti aka tsara shi, da kaskonsa, da bututunsa.

Ɗaurawarsa iri biyu ce, kuma bambancin ya shafi wahalar aiki sosai. A ƙananan injinan Chevrolet da Ford da Chrysler, farantin yana rataye ne a kan maƙallan metal na karanshaf, ta hanyar notuna masu ƙarin kai. A manyan injinan Chrysler, 383 da 440, da dangin FE na Ford, ana matse shi ne tsakanin bulok da kasko da gaskit biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Wannan na biyun ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, domin ba ka taɓa maƙallan karanshaf. Amma ya ƙara maka wurin yoyo guda, ya kuma sauke kasko ƙasa da kaurin faranti da gaskit, abin da ke nisanta bakin bututun zuƙa daga gindin kasko.

Tsohon faranti mai shekara 50 da ɗoriya sai an duba shi da idon basira. Ka wanke shi tas, ka ɗaga shi a haske, ka bi kewayen kowane ramin noti da kowane lanƙwasa. Tsaga takan fara siririya kamar gashi, daga bakin rami ta nufi gefe. Girgizar inji ce ke haifar da ita, kuma walda ba kasafai take riƙewa a wurin ba, sai ta sake tsagewa a gefen waldar. Guntun ƙarfe in ya ɓalle ya shiga tsakanin kwanrod da bulok, asarar ta wuce ta faranti. Sabon da aka kwaikwaya daga na asali yana da araha, kuma ba wanda zai leƙa cikin kasko a wajen baje kolin motoci ya ce ba na asali ba ne.

Inda farantin kamfani yake kasawa shi ne injin da aka ƙara wa nisan bugu. Chevrolet 350 bugunsa inci 3.48 ne. Idan aka sa masa karanshaf mai inci 3.75, aka kuma ɗan faɗaɗa ramukan fistin, ya zama 383 (ba 383 na Chrysler ba, lamba ce kawai ta zo ɗaya), kwanrod yana ƙara sauka da kusan milimita 3.4. Ford 302 da aka mayar 347, daga inci 3.00 zuwa 3.40, ƙarin ya kai milimita 5. Farantin da aka yi wa tsohon bugu zai iya gogar notunan kwanrod. Wasu suna sa washa, zoben ƙarfen da ake sawa a noti, su sauke shi, wasu su bubbuge shi da guduma. Yana yiwuwa, amma daga nan ka bar sauƙin da ya sa ka zaɓe shi tun farko.

Mai tsaga-tsaga na zamani

Kamfanoni irin su Moroso da Milodon da Canton suna yin faranti mai jerin tsaga, kowace da leɓe a ɗage, yana fuskantar inda karanshaf ke juyowa. Leɓen ya kamo mai, ya zura shi ƙasa, ya hana shi dawowa. Ya fi na kamfani zubar da mai, ƙarfensa ma yakan fi kauri, kuma akwai waɗanda aka yi musamman don ƙarin bugu. Yawanci yana zuwa ne da dogayen sitod (sandunan ƙarfe masu zare, marasa kai) masu noti biyu, yadda za ka ɗaga shi ko ka sauke shi.

A nan ne ɓoyayyen kuɗin yake. Sauya notin kamfani da sitod yana iya canza yadda maƙalli ke matse metal, ramin ya ɗan bar da'ira. Ƙa'ida ita ce a ɗaure sitod ɗin, a auna ramin, in ya kauce a sake goge shi a inji. Wanda ya yanke shawara tun bulok yana wajen mai gyara, aikin ƙarami ne. Wanda ya tuna da faranti bayan an gama haɗa karanshaf, shi ne zai ji jiki. Sannan a lura da fuska: in aka ɗaura shi a juye, leɓunan suka ba iska baya, aikinsa ya ragu ƙwarai.

Mai raga

Wannan ragar ƙarfe ce da aka yanka aka miƙe, ramukanta a karkace, mai yana wucewa ta fuska ɗaya cikin sauƙi amma komowa da wuya. Faranti mai sulɓi yakan sa wani man ya buga ya dawo kan karanshaf, raga kuwa tana kashe masa ƙarfi. A juyi mai yawa ita ce gaba. Ta fi tsada, kuma ingancinta ya dogara kacokan ga firam ɗin da aka yi mata walda a kai. Mai araha marar suna ni ba zan sa ba, domin raga in ta fara sakin jiki gutsattsari take zubarwa. Tana kuma riƙe datti, don haka bayan kowace lalacewar inji sai an wanke ta da haƙuri ko a jefar. Wasu kaskunan tsere da ragarsu suke zuwa a manne, wannan ya raba ka da maganar sitod gaba ɗaya.

Makankari

Ɗan siririn ƙarfe ne da ake matsewa a gefen bulok, an yanka bakinsa daidai siffar karanshaf da kwanrod, yana kankare man da ya naɗe a jikinsu. Sayensa ba tsada, lokaci yake ci. Sai ka ɗaura, ka juya inji da hannu, ka ga inda ya taɓa, ka cire, ka goge da zarto, ka sake, har tazarar ta zama kamar milimita guda ko ɗan fiye a ko'ina. Ana haɗa shi da faranti. Ga motar titi, wahalarsa ta fi ribarsa.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Ɗaurawa | Haɗari | Asali |
|---|---|---|---|---|---|
| Babu faranti | Babu | Ba abin lalacewa | Ba aiki | Kumfa a juyi mai yawa | Daidai ga injin da bai zo da shi ba |
| Na kamfani, tsoho | Ya danganta da ƙarancinsa | Yana iya tsagewa | Matsakaici | Gutsurewa | Cikakke |
| Na kamfani, kwaikwayo | Araha | Mai kyau | Matsakaici | Gogar kwanrod in an ƙara bugu | Kusan cikakke |
| Mai tsaga-tsaga | Matsakaici, da kuɗin sitod | Mai kyau sosai | Sai da awo | Tare geji, kuskuren fuska | Babu |
| Mai raga | Mafi tsada | Ya danganta da walda | Sai da awo | Sakin raga | Babu |
| Makankari | Araha | Mai kyau | Mafi cin lokaci | Taɓa karanshaf | Babu |

Bututun geji: fara da sanin bulok ɗinka

Kafin maganar ƙyalli ko tsada, sai ka san ta ina geji yake shiga. Ƙaramin V8 na Chevrolet, wanda ya fara fita a 1955, gejinsa a hagu yake, ɓangaren direba a Amurka, har 1979. Daga 1980 ya koma dama, a 1986 kuma aka sauya hatimin mai na bayan karanshaf ya zama guda ɗaya maimakon gida biyu, kasko ya sake canzawa. Mota mai shekara 60 ba lallai injin da ta fito da shi ne a cikinta ba, don haka lambar da ke jikin bulok ake bi, ba shekarar mota ba. Kasko da gaskit da faranti duk suna da gurbin geji a gefe guda, in ka sayi na hagu ga bulok na dama ba gyara sai musaya.

A Ford 289 da 302 na shekarun 1960, rijiyar kasko, wato ɓangarensa mai zurfi inda mai ke taruwa, a gaba take, geji kuma ta murfin tayimin yake shiga. Mustang na 1979 zuwa 1993 babbar rijiyarsa a baya take, geji ya bar murfin tayimin. Mai ɗauko injin baya-bayan nan ya sa a tsohuwar mota yakan buƙaci kasko mai rijiya a gaba, da murfin tayimin mai ramin geji, sannan ya toshe ramin da ba ya amfani da shi.

Sai wani ɗan abu da ake yawan mantawa: bututun ƙasa. A tsofaffin Chevrolet akwai gajeren bututu a cikin bulok, ƙarƙashin wanda ake gani, shi ke nuna wa tsinke hanya. A V8 na Pontiac bututun kashi uku ne, kuma na ƙasan iri biyu ne, na inji mai faranti da na marar faranti. In babu shi, tsinke yakan kauce ya hau kan faranti ya lanƙwashe, ko ya shiga hanyar karanshaf. Alamar a bayyane take: ka zaro geji ka ga bakinsa ya karkace, gefe ɗaya ya goge yana walƙiya, wani lokaci ma ƙarshensa ya tafi. Gyaran wannan a wasu injinan sai an sake sauke kasko.

Zaɓin bututu

Tsohon na asali tare da tsinkensa shi ne mafi gaskiya wajen awo, muddin tare suka taso. Tsinke daga wannan inji, bututu daga wancan, shi ne tushen yawancin ƙaryar geji, domin bambancin santimita guda a tsawon bututu yana matsar da alamar cika da santimita guda. A duba tsatsa a gindi, inda ruwa ke kwanciya.

Sabon ƙarfe na kwaikwayo yana da araha, ana matsa shi a ramin bulok kamar na da. Kada a buga kansa da guduma, bakin zai buɗe, tsinke ya daina zama daidai. Akwai ɗan kumburi a kusa da gindinsa. Ka ɗora sifana mai buɗaɗɗen baki a kan kumburin, ka bubbuga sifanar a hankali. Sanya bututun a firiza na ɗan lokaci yana taimakawa, da ɗan gam mai jure mai a gindi.

Mai ƙyallin kurom yana da kyan gani, kuma a nan ne ake samun mafi yawan marasa inganci. Rufin kurom yana canza kaurin gindi, wani ya ƙi shiga, wani ya shiga ya riƙa rawa yana tsiyayar mai. Alamominsa ba a yarda da su sai an gwada.

Mai lanƙwasuwa, wanda aka saƙa wa rigar waya, irin wanda Lokar ta yi suna da shi, yana zama ne da zoben roba kuma ana ɗaure kansa a wani noti. Shi ne mafi tsada, amma in an sa bututan salansa na tsere da suka tare hanyar tsohon, shi ke fitar da kai. Zoben roba yana tsufa kusa da zafi, kuma duk mai ido zai gane ba na zamanin motar ba ne.

Akwai mai kullewa, wanda ake murɗawa ya kama. Amfaninsa a tsere ne. Idan gejin motar titi yana tashi da kansa yana fesa mai, iska ce ta taru a cikin inji, ko ringi na sakin hayaƙi ƙasa, ko bawul ɗin PCV, mai fitar da wannan iskar daga cikin inji, ya toshe. Wannan bawul ya fara zama ruwan dare a motocin Amurka a farkon shekarun 1960. Kulle geji bai fitar da iskar ba, za ta nemi hanya ta hatimin karanshaf ko gaskit.

Awo biyu kafin a rufe, ɗaya bayan an rufe

Na farko, ɗaura faranti da bututu tun kasko bai hau ba, ka zura tsinke kana kallo daga ƙasa. Ya wuce ba tare da ya taɓa komai ba? Ka juya karanshaf zagaye biyu da hannu kana duba tsinke da kowane notin kwanrod. In ramin geji a faranti ya yi kaɗan, yanzu ne lokacin faɗaɗa shi, a goge bakin, a wanke garin ƙarfen sarai.

Na biyu, tazarar bakin bututun zuƙa da gindin kasko. Ka rufe ragarsa da tef, ka ɗora dunƙulen yumɓun wasan yara a kai, ka sa gaskit, duka biyun in faranti mai matsewa ne, ka ɗora kasko ka ɗan ɗaure. Cire, ka yanka yumɓun a tsakiya, ka auna kaurinsa. Abin da ake nema tsakanin milimita 6 da 10 ne. Ƙasa da haka famfo ya shaƙe, sama da haka ya zuƙi iska in mai ya karkata. Kada a manta da cire tef ɗin.

Na uku shi ne gwada gaskiyar geji. A ƙaramin Chevrolet mai kaskon kamfani, kwat 5 na Amurka ne har da filta, kusan lita 4.7. Mota a daidaitaccen wuri, ka zuba adadin da ya gaza cika da kwat ɗaya, ka tada inji filta ta cika, ka kashe, ka jira mai ya sauko, ka duba. Nan ne alamar ƙari. Zuba sauran, ka sake dubawa, nan ne alamar cika. In ba su yi daidai da na tsinke ba, ka ja sabbi da zarto. In kasko mai zurfi ne, bi adadin da mai ƙera shi ya faɗa. Mai kuma ya tsaya a ƙarƙashin faranti, domin farantin da ya nutse a mai ba abin da yake rabawa.

Wa ya dace da wanne

Mai mayar da mota yadda ta fito, don gasa ko don darajarta, ya bi abin da injin ya zo da shi: in da faranti, sabon kwaikwayo a ciki, bututu da tsinke na asali a waje inda ido ke gani. In bai zo da shi ba, a bar shi haka.

Mai motar yawo da injin da ba a taɓa ba, ya kashe kuɗinsa a kasko mai shinge da bututun ƙarfe marar ƙyalli. In injinsa na manyan Chrysler ne ko FE, faranti mai matsewa yana da sauƙin da babu laifi a ƙara shi.

Mai injin da aka ƙara wa bugu, wanda zai riƙa kai shi 5,500 zuwa sama lokaci-lokaci, mai tsaga-tsaga da aka yi don wannan bugun ya fi masa, a saye shi tare da sitod tun bulok bai bar wajen gyara ba, kuma kasko da bututun zuƙa daga kamfani ɗaya.

Mai shiga filin tsere, raga da makankari da kasko mai ƙofofi, da geji mai kullewa. Wanda kuma ya sauya inji ko ya sa salansa da ta tare hanya, mai lanƙwasuwa zai ɗauka, ya ja masa alamomi da kansa a ranar juyen mai na farko.